Cututtukan Bairos da Mai Juna Biyu: Yadda Za a Kare Ɗan Tayi Tun Kafin Ciki Ya Fito

A gidajenmu na Zamfara ba a maganar ciki sai ya fito. Mai cikin fari kuwa kunya ba ta barinta ta faɗa wa ko da mahaifiyarta, balle ta kama hanyar asibiti, don haka sai wata na biyar ko na shida ake zuwa yankar katin awo. Kafin lokacin an riga an gama halittar ido da zuciya da yawancin kunnen jaririn. Idan wata ƙwayar cutar bairos ta yi ɓarna, ta yi ta gama tun watanni biyu ko uku da suka wuce, kuma sau da yawa matar ta ma manta da zazzaɓin da ya kawo ta, domin bai kwantar da ita ba.

A fara da sanin makon da ciki yake

Ma'aikatan lafiya suna ƙirga ciki ne daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Ranar da mace ta lura wata ya wuce ba ta ga jini ba, cikin ya riga ya kai mako 4 zuwa 5. Wajen mako na 6 zuciyar ɗan tayi ta fara bugawa, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya kuma ya rufe. Tsakanin mako na 5 da na 10 ne kusan duk gaɓoɓi suke samun siffarsu: ɗakunan zuciya huɗu, madubin cikin ido, leɓe da ganɗa, hannuwa da yatsu. Kunnen ciki yana ci gaba da kammaluwa har wajen mako na 20, ƙwaƙwalwa kuma ba ta daina girma har haihuwa. Tukunyar da yatsa ya lotsa tana ɗanya, da lotsawar za a gasa ta. Shi ya sa cuta iri ɗaya take makantar da jariri idan ta zo a mako na 7, ta kurmantar da shi idan ta zo a mako na 15, ta wuce ba ta bar komai ba a wata na takwas.

Don haka a rubuta ranar al'adar ƙarshe, ko a wayar miji ko a bayan kalanda. Wadda ba ta riƙe kwanan watan Bature ta riƙe na Musulunci, ko ta danganta shi da sallah ko wata ranar kasuwa, ma'aikaciyar awo za ta juya lissafin. Duk shawarar da likita zai bayar daga baya a kan wannan ranar take tsayawa.

Hanyar da cutar take bi ba ta da rikitarwa. Bairos yana shiga jikin uwa ta numfashi, ko miyau, ko cizon sauro, ko saduwa, ya hayayyafa, ya shiga jininta na 'yan kwanaki. Mabiyiya tana tace abubuwa da dama, amma wasu ƙwayoyin suna kama ita kanta mabiyiyar, su zauna a ciki, daga nan su bi igiyar cibiya zuwa jinin ɗan tayi, wanda garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwarin korarsu ba. Wasu suna rage saurin rarrabuwar ƙwayoyin halitta, sai gaɓa ta fito ƙarama ko ba ta cika ba. Wasu kashe ƙwayoyin suke yi kai tsaye, musamman waɗanda ƙwaƙwalwa ke tsirowa daga gare su. Wasu kuma suna lalata bangon ƙananan jijiyoyin jini, sai wurin da jijiyar ke ciyarwa ya yi tabo. Ko da cutar ba ta kai ga ɗan tayi ba, mabiyiyar da ta kumbura ba ta isar da abinci da iska yadda ya kamata, sai a haifi jariri ɗan mitsitsi ko bakwaini.

Rubela

Wannan ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ɓarnarta ta fi yawa kuma kare kai daga ita ya fi sauƙi. Wasu na kiranta ƙyandar Jamus, amma ita da baƙon dauro ba abu ɗaya ba ne. Rubela mai laushi ce: ɗan zazzaɓi, ƙananan ƙuraje da ke farawa a fuska su sauka jiki su ɓace cikin kwana uku, da ciwon gaɓoɓin yatsu da gwiwa ga manyan mata. A fata mai duhu ƙurajen ba sa fitowa ja sosai, sai an shafa an ji kaushi-kaushi. Alamar da ta fi taimakawa ita ce kaluluwa. A sa yatsu biyu a bayan kunne da ƙeya, daidai inda gashi ya ƙare, za a ji 'yan ƙulli kamar wake, masu ɗan zafi idan an danna. Kusan rabin waɗanda suka kamu ba sa nuna komai, suna kuma yaɗa ta.

Idan ta kama mace a makonni 12 na farko, a cikin jarirai 10 har 9 na iya kamuwa. Abubuwa uku ne suka fi fitowa: yanar ido tun daga haihuwa, kurumta, da ciwon zuciya, galibi wata jijiya da ya kamata ta rufe bayan haihuwa ta ƙi rufewa. Akwai kuma ɓari, da mutuwar ɗa a ciki, da ƙaramin kai. Daga mako na 13 zuwa na 16 kurumta ce ta fi yawa, bayan mako na 20 kuwa da wuya a ga nakasa. Wani likitan ido ɗan Ostireliya, Norman Gregg, shi ya fara haɗa yanar idon jarirai da rubelar uwayensu a 1941. Annobar da aka yi a Amurka a 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai kusan 20,000 da nakasa, kafin a samu allurarta.

Rubela ba ta da magani idan ta shiga, sai dai allurar rigakafi kafin ciki. A Oktoban 2025 Najeriya ta fara ba yara 'yan wata 9 zuwa shekara 14 allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela, an kuma fara da jihohin Arewa. Kai yara wannan allura kariya ce ga uwarsu da kishiyarta da duk mai cikin da ke unguwar, tunda yara ne ke kawo cutar gida daga makaranta da Islamiyya. Amma yarinyar da ta haura 14 a lokacin ba ta samu ba, kuma ita ce amaryar bana da ta baɗi. Yawancinsu sun yi cutar suna ƙanana sun samu garkuwa, wasu kuma ta tsallake su, ba kuma yadda za a gane da ido. Tunda yanzu an saba gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da jinsin jini kafin ɗaurin aure, nan ne wurin da ya fi dacewa a ƙara tambayar rubela. Ko a yi gwajin jini a ga akwai garkuwa, ko kawai a yi allurar, domin ba ta cutar da wadda ta riga ta yi cutar. Sharaɗi ɗaya ne: ƙwayar da ke cikin allurar rayayya ce da aka raunana, don haka ba a yi wa mai ciki, kuma a bar wata guda tsakanin allura da ɗaukar ciki. A yi ta wata biyu kafin biki, magana ta ƙare. Wadda aka yi wa bisa kuskure tana da ƙaramin ciki ta kwantar da hankalinta ta sanar a wurin awo, ba a samu allurar ta nakasa jariri ba. Mai jego da ba ta da garkuwa za a iya yi mata bayan haihuwa, ba ta hana shayarwa.

Kada wannan ya sa a guji allurar da ake yi a wurin awo. Ta tetanus daban ce, babu rayayyar ƙwaya a cikinta, kuma dole ce.

CMV (sitomegalobairos), wadda ke cikin miyau da fitsarin ƙananan yara

Mutane ƙalilan ne suka san sunanta, alhali ita ce cutar bairos da aka fi haifar jarirai da ita a duniya, wajen jariri 1 a cikin 200 a ƙasashen da suke ƙirgawa. A cikin jarirai 5 da aka haifa da ita, kusan 1 ne ke samun matsala mai ɗorewa, mafi yawa kurumta, wani lokaci da jinkirin hankali ko farfaɗiya. Uwa ba ta jin komai, ko ta ji kamar mura. Babu allurarta. Yawancin manya a nan sun taɓa yin ta, hakan yana rage haɗari amma bai kawar da shi ba, don ana iya sake kamuwa da wani nau'in.

Yara 'yan ƙasa da shekara uku ne matattararta, suna fitar da ita a miyau da fitsari na tsawon watanni suna wasansu lafiya lau. Mai ciki kuwa galibi tana da na goye ko wanda aka yaye. Ku duba abin da ake yi kullum ba tare da tunani ba. Yaro ya sha kunu ya rage, uwa ta shanye da ludayinsa. Ta ɗanɗana cokalinsa ta ji ko ya huce. Ta sumbace shi a baki. Hancinsa ya toshe da dare, ta sa baki ta zuƙe majinar. Ta zubar da fo, ta ɗauraye hannu da ruwa zalla ta koma tuƙin tuwo. Kowanne daga cikin waɗannan ƙofa ce.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Mai ciki ta ware kofinta da cokalinta, sauran abincin yaro a ba wani. Sumba ta koma goshi ko tsakar kai. Majina a goge da ƙyalle, ko a sa ɗigon ruwan gishiri na kemis a hanci a zuƙe da 'yar robar zuƙa. Bayan tsarki, canza ƙunzugu, share majina ko dalala, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. A fara wannan tun ana sa ran ciki, domin watanni ukun farko ne suka fi haɗari. Idan akwai babbar yarinya ko kaka a gida, su karɓi aikin fo na waɗannan watanni.

Ƙarambau da sauransu

Wadda ta tabbata ta yi ƙarambau tana yarinya ba ta da damuwa. Wadda ba ta yi ba, idan ya kama ta kafin mako na 20, jarirai har 2 a cikin 100 na iya fitowa da tabo a fata, ko hannu ko ƙafa da ba ta cika ba, ko matsalar ido. Haɗarin ya fi yawa a kan uwar kanta, don yana iya sauka huhu. Tari ko sarƙewar numfashi ga mai ciki mai ƙarambau, a tafi asibiti a daren. Maganin asiklobir yana aiki sosai idan an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje. Lokaci mafi muni ga jariri shi ne ƙurajen su fito wa uwa daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta, saboda ya karɓi cutar bai karɓi garkuwar ba. Irin wannan jaririn likita ya gan shi ko da yana tsotso lafiya.

Fabobairos B19 yana lalata masana'antar jinin ɗan tayi, jini ya yi ƙasa, zuciya ta gaza, jiki ya tara ruwa. Gidan da ke da mai sikila su san shi, domin shi ne ke sa jinin mai sikila ya faɗi farat ɗaya. Zika, wadda ta jawo haihuwar jarirai masu ƙaramin kai a Burazil a 2015, sauron da ke cizo da rana ne ke ɗauke da ita, mai ƙyanƙyasa a randa da tsohuwar taya da gwangwani. A rufe randa, a kife duk abin da ke tara ruwa. Masu ƙuraje masu ruwa da zafi a al'aura da ke zuwa suna komawa su faɗa wa ungozomar asibiti tun wuri, don ana ba da magani daga mako na 36, idan kuma ƙurajen na nan ranar naƙuda tiyata ta fi aminci.

Akwai waɗanda ba sa canza halitta amma suna wucewa ga jariri ko su kashe. Ƙanjamau ba tare da magani ba yana kama jarirai 15 zuwa 45 a cikin 100, da magani kuwa ya koma ƙasa da 5. Ciwon hanta nau'in B yana kama jariri lokacin haihuwa, kuma 9 cikin 10 na jariran da suka kamu suna zama da shi har girma. Allurarsa ta farko cikin awa 24 ake so a yi. Wanda aka haifa a gida kada a jira suna, kaka ko uba su naɗe shi su kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar. Zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa yana hallaka mafi yawan 'ya'yan da ke ciki idan ya zo a watannin ƙarshe. Ciwon hanta nau'in E kuma ta gurɓataccen ruwa yake zuwa, yana kashe har 1 cikin 4 ko 5 na matan da ya kama da tsohon ciki. Waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu, suke shan rijiya ɗaya da jama'a da yawa, su tafasa wa mai ciki ruwanta ko da sauran gidan ba su samu ba. Idonta ya yi rawaya, asibiti kawai.

Idan zazzaɓi ko ƙuraje sun zo

A rubuta ranar da abin ya fara. A ɗauki hoton ƙurajen da waya a hasken rana, saboda na rubela suna iya ɓacewa kafin a samu motar Gusau. A yi gwajin maleriya, tunda ita ce ta fi yawa kuma ita ma tana zubar da ciki. Zafin jiki da ya kai digiri 38 a sauke shi, domin zafi mai tsanani a makonnin farko shi kansa yana iya taɓa rufewar lakar baya: farasitamol mai miligiram 500 ƙwaya 2, duk bayan awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya, da shan ruwa da goga jiƙaƙƙen tsumma. A bar ibufurofen da dikulofenak, a bar haɗin da mai kemis ke ƙullawa a leda, a bar jiƙo da sassaƙe. Kafso ba ya kashe bairos, wasu irinsa ma, kamar tetarasaikilin, suna ɓata haƙoran ɗa.

A ƙofar asibiti a faɗi magana a sarari: "Malama, ina da ciki wata biyu, ƙuraje sun fito mini shekaranjiya, ɗan maƙwabtanmu ma ya yi irinsu." Kada a zauna a layin awo cikin sauran masu ciki, a nemi a ware ta gefe. Ko ita ba ta ga komai a jikinta ba, idan yaron gidan ya yi ƙuraje ta je ta faɗa, domin rubela tana yaɗuwa tun mako guda kafin ƙuraje su fito, alamunta kuma sai bayan mako 2 zuwa 3 suke bayyana. Yaron a nisanta shi da masu ciki kwana 7 daga fitowar ƙurajen, mai ƙarambau kuma sai duk sun bushe sun yi ɓawo. Gidan suna ko biki da aka san ana ƙuraje, mai ƙaramin ciki ta aika da gaisuwa da gudummawarta.

Gwajin jinin yana duba abu biyu. IgG na nuna an taɓa yin cutar ko an yi allura. IgM na nuna kamuwa ta kusa, amma yakan fito da ƙarya, don haka ba a yanke hukunci da takarda ɗaya, ana maimaitawa bayan mako 2 zuwa 3 a kwatanta. Ƙananan asibitoci ba su cika yin sa ba, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Tarayya na Gusau ko na Ƙwararru na Yariman Bakura, su za su faɗi inda za a kai jinin. Hoton ciki tsakanin mako na 18 da na 22 yana nuna girman kai, ruwa a ƙwaƙwalwa, da wasu matsalolin zuciya. Ba ya nuna kurumta, kuma sau da yawa ba ya kama yanar ido, saboda haka hoto mai kyau bai ɗauke duba jariri bayan haihuwa ba.

Ba kowace nakasa ce daga bairos ba. Rashin sinadarin folik yana kawo tsagewar baya, shi ya sa ake so a fara shan maikurogiram 400 kullum tun kafin ciki. Ciwon suga da wasu magungunan farfaɗiya su ma suna yi. A yankunan haƙar zinare kamar Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, dalma tana ratsa mabiyiya ta taɓa ƙwaƙwalwa, don haka kada a daka ko a niƙa dutsen ma'adinai a gidan da mutane ke kwana. Ɗora laifin a kan iska ko maita ko wani abin da uwar ta kalla ba ya warkar da kowa, sai dai ya cinye makonnin da magani ke da amfani a cikinsu.

Duba jariri

A auna nauyi da zagayen kai a rubuta a kati. Jaririn da ya cika wata tara ya zo ƙasa da kilo 2.5, ko kansa bai kai santimita 32 ba, likita ya duba shi. Haka idan shawara ta fito a ranar farko, ko akwai ɗige-ɗige masu duhu a fata da ba sa gushewa idan an danna, ko ciki ya kumbura.

A ɗaki mai ɗan duhu a haska tocila daga gefe a dubi tsakiyar baƙin ido. Baƙi wuluk ya kamata ya kasance. Fari ko toka-toka a wurin galibi yanar ido ce, kuma aikinta a makonni 6 zuwa 8 na farko ake so a yi, domin ƙwaƙwalwar da ba ta koyi gani da wuri ba ba ta koya sosai daga baya ko an cire yanar. Kada a ɗiga nono ko tozali ana jira. Cibiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna, ta Kunne ma haka, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma yana Sakkwato. Jaririn da ke haɗa gumi wajen tsotso, yana saki yana haki, numfashinsa ya wuce 60 a minti yana kwance shiru, a sa a saurari zuciyarsa.

Kunne ya fi wuyar ganewa. Sabon jariri yana razana idan murfin tukunya ya faɗi. Ɗan wata 4 zuwa 6 yana juyowa idan an kira shi ta baya. Ɗan wata 9 yana gwaranci. A gwada daga inda ba ya ganin mutum, kuma kada a buga ƙasa, don kurma ma yana jin girgiza. Kurumtar CMV tana iya zuwa a shekara ta biyu ko ta uku ga yaron da ya fara da ji lafiya, saboda haka yaron da ya fara magana ya daina a kai shi awon ji. Tabbatar da cewa da ita aka haife shi sai an gwada fitsari ko miyau cikin kwana 21 na farko, kuma maganin balgansiklobir da ake ba masu alamu na tsawon wata 6 a watan farko ake fara shi.

Jaririn da aka haifa da rubela yana fitar da ƙwayar a miyau da fitsari har shekara guda ko fiye. Ranar suna da bayanta kada a miƙa shi ga mai ƙaramin ciki, a kuma sanar da ma'aikata duk lokacin da aka kai shi asibiti. Ita kuwa uwar ta samu garkuwa, rubela ba za ta taɓa cikinta na gaba ba.